Shekarar Sarki Da Ranar Talaka A Zanen Mutanen Sin

Mutanen ƙasar Sin, wadda Bahaushe ya kan ambaci birninta in yana son ya kwatanta nisa, suna da wata tsohuwar sana'a wadda ba a san irinta a ƙasar Hausa ba. Su kan sami ƙyallen siliki, ko takarda mai ƙwari, su zana mutane da gidaje da itatuwa da koguna a kai, da tawada da wani irin alƙalami da a ke yi da gashin dabba. In an gama sai a liƙa wa ƙyallen wata takarda a baya don ya yi ƙarfi, a ɗaura shi jikin sanda, a naɗe. Zanen nan iri biyu ne. Akwai wanda a ke ratayewa a bango, ya sauko daga sama zuwa ƙasa. Akwai kuma siriri mai tsawo, wanda a ke ɗorawa bisa tebur, a riƙa warwarewa da hannun hagu ana naɗewa da na dama, kamar yadda masaƙi ya kan naɗe sawayensa yana cikin saƙa. Daga dama a ke fara dubawa a nufi hagu, yadda almajiri ke bin allonsa. Ba a kuwa buɗe shi duka gaba ɗaya, sai gwargwadon kamu ɗaya ko biyu, a duba a ƙoshi, sa'an nan a ci gaba.

Cikin zanen da suka yi suna a wannan sana'a akwai biyu da suka shafi bukukuwan shekara. Dukansu suna ajiye a tsohuwar fadar sarakunan Sin da ke Beijin, wadda aka mayar gidan ajiye kayan tarihi cikin shekara ta 1925. Ɗaya ƙyalle 12 ne na ratayewa, ko wane wata da nasa, aka yi su saboda Sarki Yungjeng, wanda ya hau gadon sarauta ƙarshen shekara ta 1722, ya mutu cikin 1735. Ɗayan kuwa siriri ne guda ɗaya tak, wani mai zane da a ke kira Jang Zedwan ya yi shi wajen shekara 600 kafin zamanin Yungjeng, kuma rana ɗaya kurum ya nuna. Mai lissafi zai ce wata goma sha biyu ya fi rana ɗaya. A wajen nuna yadda mutane ke cin shekararsu, ranar nan guda ta fi watannin nan duka, ko da ya ke watannin su ma suna da abin yabo mai yawa.

Ko wane ƙyalle na watannin nan tsayinsa ya kai ƙafa 6, faɗinsa ƙafa 3 da ɗoriya. A wata na fari an nuna bikin fitilu, wanda su kan yi ran 15 ga wata, daren da wata ya fara cika a sabuwar shekararsu. Ga fitilu na takarda rataye ko ina a shirayi, ga yara suna wasan wuta a tsakar gida, manya suna tsaitsaye suna kallo. A na biyu an fita shan iska don ciyawa ta fara tsiro. A na uku ana kallon furen itatuwa. A na huɗu manyan mutane sun zazzauna bakin wata 'yar ƙorama mai lanƙwasa, ana sako ƙoƙunan giya bisa ruwa, wanda ƙoƙo ya tsaya a gabansa sai ya tsara waƙa nan take, in ya kasa ya sha. Al'adarsu ce tun ta zamanin da, ba ta Musulmi ba ce, an kawo ta nan don tana cikin zanen.

Ƙyallen wata na biyar ya fi sauran motsi. Tseren jiragen ruwa ne, ko wane jirgi an sassaƙa masa kai da wutsiya irin na wani macijin almara da mutanen Sin ke girmamawa, an kakkafa masa tutoci, matuƙa sun duƙufa, mutane sun cika benaye suna leƙe. Ran 5 ga wata na biyar a ke wannan biki, don tunawa da wani bafade mawaƙi, Cu Yuwan, wanda baƙin cikin lalacewar ƙasarsa ya sa ya faɗa kogi tun kafin haihuwar Annabi Isa da shekara 278. Na shida shan inuwa ne a bakin tafki lokacin zafi. Na bakwai na mata ne: daren 7 ga wata 'yammata su kan fito su gwada zura zare a kafar allura da hasken wata, suna roƙon a ba su gwanintar ɗinki. Na takwas kallon cikar wata ne, na tara kallon wani fure na kaka, na goma Sarki ya zauna ana zana kamanninsa, na sha ɗaya ibadarsu ce ta zaman shiru, na sha biyu kuwa dusar ƙanƙara ta rufe rufin ɗakuna da duwatsu, ana kallonta daga cikin ɗaki.

Mai karatu na ƙasar Kano zai tambaya, yaya aka yi mai zane ya san wata kaza da zafi zai zo, wata kaza kuma da sanyi, alhali kuwa da ganin jinjirin wata su ma su ke lissafi? Dalilin yana cikin ƙirgarsu. Shekarar wata kwana 354 ce, ta rana kuwa 365, watau akwai ratar kwana 11. Mutanen Sin su kan bar ratar nan ta taru, sa'an nan su ƙara wata guda cikin shekara, ta zama mai wata 13. Sau 7 su kan yi haka cikin ko wace shekara 19. Saboda haka sabuwar shekararsu ba ta fita tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, bikin jirage kullum da zafi ya ke zuwa, bikin cikar wata kullum da kaka. Biki da yanayi sun zama ɗan juma da ɗan jummai, har mai zane ya iya haɗa su a ƙyalle guda ya tabbata bai yi ƙarya ba.

A ƙasar Hausa abin ba haka ya ke ba. Musulunci ya hana ƙara wata a shekara, maganar tana cikin Suratut Tauba. Don haka watan Cika-ciki da watan Takutaha, da Azumin Tsofaffi da Sha Ruwan Tsofaffi, da Azumi da Salla ƙarama da babba, duk suna zagaya shekara, sai bayan shekara 33 su komo inda suka tashi. Cikin 2010 watan Agusta aka kama Azumi, ana tsakiyar marka, amma cikin 2025 a Maris aka yi shi, ana zafin bazara. Manomin Ɗankaza lissafi biyu ke gare shi. Da ɗaya ya ke sanin ranar da yara za su fara tashe da ranar da zai yanka rago. Da ɗayan ya ke sanin lokacin sharar gona da kai taki, shi ne wanda a ke cewa watan bakwai maƙarar rani, ana duban taurari da zuwan shamuwa da ranar da gawo ya fara zubad da ganye. Wanda duk ya so ya zana shekarar Bahaushe a ƙyalle 12, tun bai jiƙa alƙalami ba sai ya zaɓi lissafin da zai bi. Masu zanen fadar Sin ba su gamu da wannan wahala ba, ya kamata a tuna da haka in ana yabonsu.

Abin yabon kuwa ga shi nan a fili. Aikin hannun ya kai matuƙa. Ko wane ginshiƙi, ko wace taga, ko wane ƙulli na labule, an bi shi da natsuwa irin ta mai ɗinkin aska takwas. Akwai kuma wata dabara baƙuwa a ciki. A zamanin nan wani Bature mutumin Italiya, Kastiliyone, yana aikin zane a fadar Sin, ya iso Beijin cikin 1715, a can ya mutu cikin 1766. Shi da 'yan'uwansa suka koya wa masu zanen fada yadda a ke jan layukan gini su riƙa matsewa in sun yi nisa, har mai kallo ya ga kamar zai sa ƙafa ya shiga soro. Wadansu ma shi su ke jingina wa ƙyallayen nan, amma masana ba su haɗu a kan haka ba. Gine-ginen da a ke cewa an kwaikwaya na wani babban lambun sarki ne a bayan birni, Yuwanmingyuwan, wanda sojan Ingila da Faransa suka washe cikin 1860, aka kuma cinna masa wuta. Wannan ya ƙara wa zanen daraja, gama abin da ya ƙone sai a takarda a ke ganin kamarsa.

To, amma mutum ya bi ƙyalle goma sha biyun nan ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda ya noma abincin da a ke ci a cikinsu, zai sha wuyar samunsa. Masu aikin da ke bayyana sosai bayin fada ne masu ɗauke da faranti da mafici, sai matuƙan jirgi. In an hango talaka can nesa, ƙawa aka yi da shi, kamar yadda aka yi da dutse da itace. Ruwan sama ba ya yin gyara a shekarar nan, kogi ba ya cin gari, rumbu ba ya ƙarewa. Zafi dalilin shan inuwa ne, sanyi dalilin kallon ƙanƙara. Wata ya bi wata, kaya su sake, fure ya sake, amma fuskokin mutane ba su sakewa, kowa cikin kwanciyar rai guda daga fari har ƙarshe. In mai kallo ya kai wata na takwas ya kan fara gajiya, kamar wanda aka ba alkaki safe da rana da dare.

Abin mamaki, Sarkin da aka yi wa zanen ya fi kowa sanin shekararsa ba haka ta ke ba. Tarihi ya shaidi Yungjeng da tsananin aiki. Ya kan kai dare yana karanta takardun da hakimansa ke aiko masa daga larduna, yana amsa su da hannunsa da jar tawada, cikinsu har da labarin ruwan sama da farashin hatsi. Ya san inda aka yi fari, ya san inda kogi ya fasa. Har wa yau shi ba asalin Basine ba ne, daga kabilar Mancu ya fito, waɗanda suka ci ƙasar cikin 1644, amma a zanen sai ga shi cikin tufafin malaman Sin na da, yana bukukuwansu. Ashe ƙyallayen nan shekarar da Sarki ke so a ce ƙasarsa na ci ita suka nuna, da irin sarkin da ya ke so a ɗauka shi ne. Aikin maroƙi ne aka yi da tawada. Ba aibu ba ne maroƙi ya yi kirari, sana'arsa ke nan, sai dai alƙali ba ya karɓar kirari a matsayin shaida.

Wani zai ce an matsa musu, tun da manomi yana da nasa zanen dabam. Gaskiya ne. Uban Yungjeng, Sarki Kangshi, ya sa an buga wani littafi cikin 1696 mai hoto 46, rabi na noman shinkafa tun daga jiƙa iri har zuba wa rumbu, rabi na kiwon tsutsar siliki da saƙa. Littafi ne mai amfani, ya kuwa yaɗu ƙwarai. Amma Yungjeng, tun yana ɗan sarki, ya sa aka sake zana masa irinsa, aka ɗora fuskarsa a jikin manomin. Watau ko a gona ma Sarki ne ke riƙe da garma.

Zanen Jang Zedwan ba shi da wannan ƙawa. Tsawonsa ƙafa 17 da 'yan inci, watau ya kusa yadi 6, faɗinsa bai cika inci 10 ba. Silikin ya yi duhu don tsufa, launin da ke jikinsa kaɗan ne, yawancinsa baƙar tawada ce. Sunansa Cingming A Bakin Kogi. Cingming rana ce da kan faɗo wajen 4 ko 5 ga Afrilu, mutanen Sin su kan fita su share kaburburan iyayensu, su sha iska a bayan gari. Wadansu masana sun ce ba bikin a ke nufi ba, don kalmar tana kuma ɗaukar ma'anar zaman lafiya da adalci. Birnin da yawanci a ke cewa ya zana shi ne Kaifeng, babban birnin daular Sung, a farkon ƙarni na 12. Duk abin da aka sani game da mai zanen daga 'yan layuka ne da wani ya rubuta a ƙarshen ƙyallen cikin 1186, inda ya ce mutumin ya zo birni neman ilmi, ya koma zane, ya gwanance wajen jirage da kekunan shanu da gadoji da kasuwanni.

In aka fara warwarewa daga dama, ƙauye a ke fara gani da sassafe, hazo bai washe ba. Ga jakuna biyar ɗauke da gawayi, ana kora su zuwa birni. Ba sarki, ba tambari, da jakin gawayi aka buɗe zanen, kuma duk wanda ya taɓa yin sammakon kasuwa ya san jakunan nan. Gaba kaɗan hanya ta fara cika, kogi ya bayyana, ga manyan jiragen hatsi an ɗaure a gaɓa, 'yan dako suna sauke buhuna, wani yana zaune yana lura da su. Ga rumfunan abinci ana share tebur. Mai kallo ba ya ankara sai ya ga ya shiga hayaniya, don mai zanen ya ƙara mutane sannu-sannu, kamar yadda hanyar Wudil ke cika ran Juma'a tun daga nesa da gari, masu shanu da masu tukwane da masu kifi, kowa ya nufi wuri guda.

Tsakiyar ƙyallen nan ne gwanintar ta ke. Wata babbar gada ce ta katako, mai doro kamar bakan gizo, ba ta da ginshiƙi ko ɗaya cikin ruwa. Bisa gadar kasuwa ce ke ci, 'yan tireda sun kafa rumfuna dama da hagu sun matse hanya. Wani babban mutum bisa doki ya yi kiciɓis da wani da a ke ɗauke da shi cikin kujerar kafaɗa, barorinsu sun ɗaga hannu, kowa na cewa a ba ubangidansa hanya. A ƙarƙashi kuma wani babban jirgi ya taho zai wuce, ba a gama kwantar da doguwar sandar da a ke ɗaura wa igiyar ja ba, ruwa kuwa ya karkatad da shi. Matuƙa sun ruɗe, wadansu na tokare gada da gora, wadansu na kokawa da sandar, wani daga bisa gada ya jefo igiya, 'yan kallo sun yi cincirindo a bakin makari suna ihu suna nuni, kowa ya zama sarkin jirgi. Ko wane mutum a wurin bai fi tsawon gaɓar yatsa ba, amma ana gane mai tsoro, ana gane mai ba da shawarar da ba a tambaye shi ba, ana kuma gane wanda ko a jikinsa, cinikinsa kawai ya ke yi. Jirgin zai bugi gadar ko zai tsira? Mai zanen bai faɗa ba. Shekara 900 ke nan jirgin yana nan a bakin gada. Mutumin Wudil da ya saba tsayawa bisa gadar garinsu yana kallon masunta, ko ya ga yadda mota guda in ta lalace a kanta ranar kasuwa ta ke tsai da duniya, ba ya bukatar tafinta a nan.

Bayan gada sai ƙofar birni. Ayarin raƙuma na fita ta cikinta, na gaba ya riga ya fito da kai, na baya ba su shiga ba tukuna. Daga ciki ga wani ɗaki da masana suka ce na karɓar kuɗin fito ne, malami na zaune gaban tebur, an jibge kaya a ƙofa ana ta magana a kansu, ga alama gardamar da a ke yi a irin wannan ɗaki ba ta sake ba tun daga wancan zamani. Sa'an nan ga mai aski, ga mai duba, ga mai ba da labari mutane sun kewaye shi, ga 'yan ga-ruwa a bakin rijiya, ga gidan mai magani mata sun kawo yaro. An ƙirga mutanen da ke cikin ƙyallen, wadansu suka sami 500 da ɗoriya, wadansu suka ce 814, da wuya a sami biyu da ke aiki iri ɗaya. Rana ɗaya ce, amma shekara duk tana cikinta: gawayin da aka yi don sanyi, hatsin da aka girbe bara, raƙuman da za su yi wata da watanni a hanya.

Akwai kuma abin da mai lura zai gani ya yi shiru. Ganuwar birnin ta ƙasa ce, ta zaizaye, itatuwa sun tsiro a kanta, ba kuwa mai tsaro ko ɗaya a bisa. A ƙofar wani gida mai kama da na hukuma ga wadansu ma'aikata sun jingine kayansu suna gyangyaɗi da rana tsaka. Ba da daɗewa ba, cikin 1127, mayaƙan Jin suka sauko daga arewa suka ci Kaifeng, suka tafi da Sarki Huwaizung da ɗansa a kame. Saboda haka wadansu masana ke cewa gargaɗi ne Jang ya yi wa Sarki a fakaice. Wadansu suka ce a'a, birni ne na zaman lafiya ya nuna, wanda ba ya bukatar dogari. Zanen ya ɗauki fassara biyun duka, don mai shi ya sa abin da ya gani bai tsaya tace shi ba. Ƙyallayen Yungjeng kuwa fassara guda ke gare su, wadda aka yi su dominta.

Shi ma Jang ba a rasa abin kushe masa. Mata a birninsa 'yan ƙalilan ne, yawancinsu a bakin ƙofa ko a cikin jirgi, sai ka ce maza ne kaɗai ke cin kasuwar duniya. Titunan sun cika tsabta ga birni mai wannan yawan dabbobi. Ƙarshen ƙyallen kuma ya zo ba shiri, ana tsakiyar unguwa sai siliki ya ƙare, har wadansu ke zaton an yanke wani ɓangare ya ɓata. Bikin kansa, watau sharar kaburbura, kusan ba a ganinsa, sai rassan itace da aka ƙawata wata kujerar kafaɗa da su.

Abin da fada kan yi da irin wannan zane an gan shi cikin 1736, shekarar da ta bi mutuwar Yungjeng. Masu zanen fada su biyar suka gama wani sabon Cingming, suka miƙa wa ɗansa, Sarki Ciyanlung. Ya ninka na Jang tsawo, mutanen cikinsa sun haura 4,000, launi ko ina. An ƙara dandalin wasan kwaikwayo da ayarin kai amarya da filin da soja ke gwajin harbi, aka rufe da lambun sarki. Gadar katako ta koma ta dutse, ganuwa ta miƙe ba tsaga. Jirgi kuwa yana wucewa lafiya lau. Wannan yana Taipe, a tsibirin Taiwan, kyakkyawa ne ƙwarai, yara sun fi son sa. Amma an cire jirgin da ke shirin bugun gada, shi ne kuwa ya sa a ke tsayawa a daɗe a kan na farko.

Ƙasar Hausa ba ta gaji suranta mutane ba. Malamai sun yi magana a kan sura, na Malikiyya sun rarrabe tsakanin mai inuwa, watau gunki, da wadda ke shimfiɗe a takarda, hukuncin kuwa nasu ne. Gwanintar Bahaushe sai ta bi ta wata hanya, ta shiga zayyanar allon sauka, da ɗinkin riga, da dagin da magina ke yi a fuskar zaure. Duk da haka cikin shekarun 1950 maginan Zariya sun riƙa sa keke da mota da agogo a bangon attajirai, masu fentin manyan motoci kuma suka zo da nasu. Yau hoto ya shiga ko wane gida, saboda haka tambayar da zanen Sin ya tayar ta iso har nan. In aka ɗauki kalandar da a ke rabawa a Kano, ko hotunan da a ke nuna wa baƙi, me a ke gani? Hawan Salla, Hawan Daushe, Hawan Nasarawa, 'yan lifidi da 'yan sulke da laima. Abin alfahari ne, har Majalisar Ɗinkin Duniya, ta hannun hukumarta ta UNESCO, ta sa hawan Kano cikin al'adun duniya da a ke kiyayewa a shekara ta 2024. Amma kwanakin hawa duka, na Salla biyu, ba su kai mako biyu ba. Irin ƙyallayen Yungjeng ne a ke ta bugawa.

Sauran shekarar tana ƙauyuka irin su Ɗankaza, ba wanda ya zana ta. Akwai ranar da aka yi ruwan shuka, gari ya watse tun da asuba, maigida na gaba da sungumi, yara na binsa da ƙoƙon iri. Akwai noman firi da maimai. Akwai kwanakin nan na marka da gona ta yi kore shar amma rumbu ya yi ƙasa, a ke auna tuwo da ido, har ran da aka gasa tumun farko. Akwai kaka da ɗaurin dami, da kalankuwa da dambe da ɗaurin aure, don kuɗi sun shigo. Akwai ɗari, tsofaffi na jin wuta a zaure, samari sun naɗe tabarma sun tafi cin rani. Akwai kuma shekarun da lissafin ya karye, kamar yunwar 1914 da farin 1973, waɗanda tsofaffi suka riƙa ƙirga haihuwa da su. Salla kuwa ta kan faɗo ko ina cikin wannan, wani zubi ta tarad da rumbu cike, wani zubi ta wuce ta bar wawa da bashi. Mai zanen da zai iya wannan sai ya ɗauki hanyar Jang, ya fara da jakin da ke kai taki.

Ainihin ƙyallen Jang ya sha yawo. Sarkin Sin na ƙarshe, Puyi, ya fitad da shi daga fada, ya tafi da shi arewa maso gabas, ya ɓace cikin ruɗanin 1945, sai cikin 1950 aka gane shi a ma'ajin wani gidan tarihi, daga baya aka mai da shi Beijin. Saboda tsufan silikin ba a fito da shi sai bayan shekaru. Da aka nuna shi cikin 2015 mutane sun yi sa'o'i a layi don su gan shi na ɗan lokaci kaɗan, a shimfiɗe cikin akwatin gilashi, ana ce musu su matsa gaba. A bajekolin duniya na Shanghai, cikin 2010, an haska shi a bango mai tsawon fiye da ƙafa 400, aka sa mutanen ciki suna tafiya. Duka biyun ba yadda mai shi ya nufa a gan shi ba ne. Amma hotonsa yana intanet, wanda ya iya karatu yana iya nemansa da wayar hannu ko a Wudil. Fuskar waya ba ta ɗaukar fiye da tafin hannu guda na zanen, tilas mai kallo ya fara daga dama, ya riƙa ja da yatsa kaɗan-kaɗan, ya bi jakunan gawayi har su kai shi bakin gada.